Allurar 'yan Sin, ƙaho, fisiyo ko asibiti: wanne za ka bi in baya ne, ko gwiwa, ko ido?

Tunda labari ya bazu a dangi cewa na je an soka min allurar 'yan Sin a baya, shi kenan na zama likitan dole. Wannan ta kira ta ce gwiwar surukarta ce, wancan ya turo saƙo a WhatsApp ya ce kafaɗa ta hana shi barci, duk ina ba da amsa daidai gwargwado. Amma ran Juma'ar da ta wuce bayan an sallame Magariba, Baffana ya riƙo hannuna muka koma gefen masallaci, ya rage murya ya ce, "Kai ɗana, allurar nan da aka yi maka tana yi wa ido kuwa? Likita ya ce hawan jinin ido gare ni, ni kuma na gaji da ɗige-ɗigen nan safe da dare, kuɗi kawai suke ci, ban ga wani canji ba." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ce Baffa don Allah kar ka ajiye maganin nan ko na kwana ɗaya, bari in zo gida mu zauna.

Abin da na faɗa masa shi zan faɗa a nan. Baya da gwiwa da ido ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba, duk da masu talla suna jera su a allo ɗaya kamar kayan miya. Kafin ka tambayi ko abu yana aiki, fara tambayar kanka: in na ɓata wata biyu ko uku ina gwada shi bai yi ba, me na rasa? A ciwon baya na yau da kullum kuɗi ka rasa da kuɗin mota. A gwiwa ka rasa kuɗi, ka kuma rasa wata ukun da za ka yi kana ƙarfafa cinya. A ido kuwa gani ka rasa, wani ganin kuma in ya tafi ya tafi kenan.

To mece ce ma allurar? Mu a wajenmu da an ce allura ruwan magani muke tunani, shi ya sa da yawa ke ɗauka akwai wani sinadari a jikinta. Babu komai. Tsinken ƙarfe ne zalla, siriri kamar gashin wutsiyar doki, ba rami a cikinsa. Ranar farko da na je na kwanta rubda ciki, mai yin ya ɓare takarda a gabana ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, ya soka wajen guda goma sha wani abu daga ƙugu har bayan gwiwa. Shigarta kamar cizon sauro, amma da ya murza ɗaya sai na ji wani nauyi da tsami ya bi ta ɗuwawu ya sauka cinya, ya ce yawwa abin da ake nema kenan. Aka bar ni kamar bushiya na minti ashirin da wani abu, har gyangyaɗi na yi. Su a bayaninsu na gargajiya wani ƙarfi ne ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, sunansa "ci" a bakinsu (ba cin tuwo ba fa), in ya toshe sai ciwo ya zo. Wuraren sokawa da aka daidaita a hukumance guda 361 ne. Masu binciken zamani kuma ba su ga waɗannan hanyoyi a jiki ba, abin da suka gani shi ne sokawar tana taɓa jijiyoyi, jiki ya saki nasa sinadaran kashe zafi irin su endofin, ƙwaƙwalwa ta rage yadda take jin ciwon. Ka riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin zancen gaba ɗaya: allurar tana taɓa jin zafi ne, ba ta gina guringuntsin da ya cinye, ba ta wanke yanar ido, ba ta ta da jijiyar da ta mutu.

Abin ya haura shekara dubu biyu a ƙasar Sin, amma Amurka ba ta waye da shi sosai ba sai 1971 lokacin da wani ɗan jaridar New York Times, James Reston, aka yi masa tiyatar afendis a Beijin, aka yi masa allurar don ciwon bayan tiyata, ya rubuta labarin. Mu kuma a Afirka ta hannun tawagogin likitocin Sin ta fi shigo mana, sun fara da Aljeriya a 1963, Sudan 1971, Kamaru 1975, Nijar 1976, shi ya sa mutumin Yamai ko garin Gidar na Kamaru zai iya riga na Kano saninta.

Mu fara da baya, nan ne allurar ta fi samun abin faɗa. Akwai wani gwaji da aka yi a Jamus aka fitar a 2007 wanda ni dai duk mai son fahimtar abin nan nake ba shi labarinsa. Mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya aka raba gida uku. Kashi na farko aka yi musu allura ta gaske a wuraren da littafi ya ce. Na biyu aka yi musu ta bogi, wato a soka sama-sama a wuraren da ba su ne ba. Na uku aka ba su kulawar da aka saba, magunguna da motsa jiki da sauransu. Bayan wata shida, waɗanda suka samu sauƙi a 'yan allurar gaske kusan 48 ne cikin 100, 'yan ta bogi 44, 'yan kulawar da aka saba 27. Ka ga abin da ya rikita kowa kenan. Masu son allura suka ce kun gani ta kusa ninka maganin asibiti, masu adawa suka ce ai ta bogin ma kusan haka ta yi, kenan ba wurin sokawar ba ne, kwanciyar ce da kulawar da sa rai. Kowa da gaskiyarsa. Duk da haka inshorar lafiya ta Jamus ta karɓe ta tana biya wa masu ciwon baya da gwiwa. Daga baya a 2018 aka tattara bayanan mutum sama da 20,000 daga gwaje-gwaje 39, aka ga ta gasken ta ɗan fi ta bogi, ɗan fifiko ba mai yawa ba, ta kuma fi zama ba a yi komai ba da tazara mai kyau, kuma sauƙin yakan ɗore har wajen shekara.

Hukumomi ma kansu bai haɗu ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila a 2016 cewa ta yi kar a ba masu ciwon baya allurar. Ƙungiyar likitocin Amurka a 2017 ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙarshen 2023 ta ce za a iya yin ta a matsayin ɗaya daga cikin kulawa, tare da motsa jiki da tausa da wayar da kan mara lafiya, amma ta hana ɗaura bel ɗin ƙugu, da jan baya da inji, da ƙwayoyi dangin tiramadol. Wanda ya fi burge ni tsarin inshorar tsofaffi ta Amurka ne na 2020: zama 12 cikin kwana 90, in an ga sauƙi a ƙara 8, kar ya wuce 20 a shekara, in ba a ga sauƙi ba a tsaya. Wannan ƙa'idar na ara. Duk wanda ya ce maka sai ka yi zama arba'in kafin ka fara jin wani abu, aljihunka yake yi wa allura.

Ni abin da ya same ni, zama shida na farko na ji sauƙi sosai, na koma ina ruku'u ba tare da na cije baki ba. Na daina zuwa, na koma zaman da nake yi awa tara a kujera ɗaya, wata biyu ciwo ya dawo da kayansa. Sai da na je wajen masu fisiyo, waɗanda muke ce wa gashin ƙashi duk da aikinsu ya wuce gashi nesa, wata ma'aikaciya ta sa ni kwanciya a tabarma ina ɗaga ƙugu sama ina ƙirga goma, ina miƙa hannun dama da ƙafar hagu ina rarrafe kamar yaro, na ji kunya ranar farko gaskiya. Ta ce Malam wannan a gida za ka riƙa yi kullum, ka kuma riƙa tashi daga kujera duk rabin awa, ka yi tafiyar ƙafa da yamma. Ba daɗi, ba wanda ke lallaɓa ka, sakamakon kuma a hankali yake zuwa. Amma shi ne ya zauna. Bambancinsu a wajena kenan: allura ana yi maka ne, fisiyo kai kake yi, kuma in ka koya ka daina biya. In da zan sake daga farko haɗa su zan yi, allura ta kwantar da zafin na 'yan makonni don in samu damar motsawa, motsin kuma ya riƙe ni.

Ƙaho fa? Wannan namu ne tun kaka da kakanni, wanzami da ƙahonsa da askarsa, yanzu kuma ga masu hijama da kofunan roba da famfo a kowace unguwa. Ya zo a hadisi ingantacce, mutane da yawa don sunna suke yi, ba ni da ta cewa a nan. Ta fuskar bincike kuwa hujjarsa ba ta kai ta allura yawa ba. An yi wani ƙaramin gwaji a Saudiyya a 2015 da mutum 80, waɗanda aka yi wa ƙaho mai fitar da jini sun ce ciwon bayansu ya ragu na 'yan makonni, sai dai an gwada su ne da waɗanda ba a yi wa komai ba. A Barazil a 2021 aka gwada busasshen ƙaho, wanda ba a tsaga fata, da na bogi a kan mutum 90, ba a ga bambanci ba. Kenan in ƙaho na sa ka ji jikinka ya saki, kuma mai yin yana da tsafta, bismillah, amma baƙin jinin da ake nuna maka a kofi ana cewa ga ciwon nan ya fito, jini ne kawai da ya daskare. Mai sikila, mai ƙarancin jini, mai shan maganin tsinka jini, mai sugan da rauni ba ya warke masa da wuri, su kam su tambayi likita tukuna.

Ƙwayoyi kuma kowa ya san hanyar kemis. Diklofenak da ibufurofen suna rage zafi, gaskiya ne, na 'yan kwanaki ba laifi, amma mai shan su kullum wata da watanni yana kasada da gyambon ciki da ƙoda, balle mai hawan jini. Farasitamol an gwada shi a Ostareliya a 2014 a kan sabon ciwon baya, bai fi ƙwayar bogi ba. Tiramadol ba sai na faɗa ba, mun ga abin da ya yi wa matasanmu, kuma da yawa da ciwon jiki na gaske suka fara. Sai hoton MRI da mutane ke cin bashi su yi, a dawo da takarda an rubuta faifan baya ya bulluƙo, mutum ya shiga tashin hankali. An duba hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai, 'yan shekara 20 kusan 30 cikin 100 suna da wannan bulluƙowar, 'yan shekara 80 sun haura 80 cikin 100. Furfurar ciki ce kawai a wajen da yawa.

Amma akwai ciwon bayan da ba a kai shi wajen mai allura ko wanzami ko mai tausa, asibiti ake nufa kai tsaye. In ƙafa ta fara mutuwa ko tana ja, in fitsari ko bayan gida na kufcewa ko ya ƙi fita, in tsakanin cinyoyi ya dushe ba ka jin taɓi, wannan na gaggawa ne, a ranar. Haka in akwai zazzaɓi da gumin dare da rama, don tarin fuka yana cin ƙashin baya kuma yana nan a ƙasarmu, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko hatsari, ko mutum ya taɓa yin ciwon daji, wato kansa.

Gwiwa kuma labarinta ya ɗan bambanta, kuma nan ne na fi yin gardama da Hajiyarmu. Ita abin da take so a yi mata wani abu, allura ko shafi ko jiƙo, ni kuma ina ce mata Hajiya maganin yana cinyarki. Amosanin gaɓɓai irin na girma, wanda muke ce wa sanyin ƙashi, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ke sirancewa, gwiwa ta riƙa ƙara tana kumbura, tashi daga sujada ya zama aiki, masai na tsuguno ya zama azaba. Allurar Sin a nan hujjarta ta fi rauni. A Ostareliya a 2014 an gwada mutum 282 'yan shekara 50 zuwa sama, allura ba ta fi ta bogi ba, NICE kuma a 2022 ta ce kar a ba da ita don wannan ciwon, ko da yake Jamus na biya, wasu gwaje-gwajen kuma sun ga ɗan sauƙi. Abin da kowa ya yarda da shi ba gardama biyu ne, ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba. An auna an ga duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, nauyin da ke sauka a gwiwa a kowane taku yana raguwa da wajen kilo huɗu. Ka lissafa kilo biyar, ka lissafa taku nawa take yi daga ɗaki zuwa kicin a yini.

Abin da aka koya mata ba wuya: ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa ta riƙe ta ƙirga goma ta sauke, ta tashi daga kujera ta zauna ba tare da dafa hannu ba sau goma, safe da yamma. Makon farko ta ce ƙara mata ciwo yake, ta yi fushi ta daina, sai da ƙanwata ta riƙa zama suna yi tare. Muka sa mata kujerar masai, take sallah a kujera ranar da abin ya motsa, take shafa diklofenak na shafawa maimakon na sha, wanda ya fi sauƙi ga ciki. Ba ta warke ba, kar in yi ƙarya, amma tana zuwa gidan biki da ƙafarta.

Allurar da ake yi a cikin gwiwa a asibiti, ta sitiroyid, daban take da ta Sin, kar a haɗa. Tana kwantar da kumburi da sauri, ta yi makonni, tana da ranarta musamman in gwiwa ta kumbura tim ko ana shirin tafiya Umara. Sai dai ba abin maimaitawa ba ce kullum. A Amurka a 2017 an yi wa mutum 140 gwaji, rabi ana yi musu ita duk wata uku har shekara biyu, rabi ruwan gishiri, ciwo bai bambanta ba, guringuntsin 'yan sitiroyid kuma ya fi sirancewa. Wani gwajin na 2020 da mutum 156 ya gwada ta da fisiyo, bayan shekara 'yan fisiyo suka fi samun sauƙi. Kafson gulukosamin da ake kawowa tsaraba daga waje, shi ma an gwada shi a kan mutum 1,583 a 2006, a dunƙule bai fi na bogi ba. In gwiwa ta ƙare gaba ɗaya, ƙashi na gugar ƙashi, mutum ba ya barci, to maganar canjin gwiwa ce, ana yi a asibitin ƙashi na Dala da wasu manyan asibitoci, da tsada kam, amma ba allurar da za ta maye gurbinta.

Kuma ba kowane ciwon gaɓa ne na tsufa ba. Matashi mai sikila da ƙugu ya dame shi yana ɗingishi, wataƙila kan ƙashin cinyar ne jini ya daina isa. Babban yatsan ƙafa ya kumbura cikin dare ya yi ja ko zani ba ya son ya taɓa, wannan gawut ne, yana da maganinsa. Mace da yatsun hannu biyu suka kumbura suna sanƙarewa da safe fiye da awa, wannan amosanin da garkuwar jiki ke kawowa ne, in ba a fara maganinsa da wuri ba yatsu karkacewa suke. Gaɓa ɗaya ta yi zafi jau da zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga, kwana biyu ma ya yi yawa. Duk waɗannan in ka tsaya allura ko ƙaho, zafin zai iya lafawa ɓarnar na ci gaba a ƙasa.

Bari in ɗan ratse kan jiƙo da garin maganin sanyi da ake sayarwa a mota da lasifika. Wanda ka sha yau gobe ka tashi garau kamar an cire ƙaya, ka ji tsoronsa. Ana samun marasa tsoron Allah da ke daka ƙwayar sitiroyid irin deksametason su zuba a ciki. Alamarsa fuska ta cika ta yi tum, ci ya ƙaru, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Kuma sitiroyid yana kawo yanar ido, yana ɗaga hawan jinin ido. Ka ga mai neman maganin gwiwa ya sayo ciwon ido da kuɗinsa.

Wanda ya dawo da mu kan Baffa. A ido ba na yin sassaucin da na yi a baya da gwiwa, dalili kuwa manyan cututtukan da ke makanta mutanenmu ba ciwo suke yi ba, allura kuma jin ciwo take taɓawa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, wajen mutum 4 cikin 100 makafi ne, yanar ido ce ta kawo 43 cikin 100 na makantar, gilakoma wato hawan jinin ido ta biyo baya da wajen 17. Mutum ɗaya cikin 20 a wannan shekarun yana da gilakoma, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai ɗaya cikin goma ba. Yadda take yi, ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, matsi ya ƙaru, ya riƙa cin jijiyar gani daga gefe-gefe, mutum yana ganin gabansa tar yana cewa lafiyata ƙalau, har sai ya fara karo da ƙofa. Abin da ya mutu a jijiyar ba ya dawowa. Shi ya sa Baffa bai ga canji ba, ɗigon ba don ya ƙara masa gani aka ba shi ba, don ya tsare wanda ya rage ne. Rashin canjin shi ne aikin. Masu tattara bincike na Cochrane sun duba allurar Sin a kan gilakoma, ba su samu hujjar da za a dogara da ita ba. Hanyoyin da aka tabbatar uku ne, duk kuma matsin suke saukarwa: ɗigo irin timolol da latanofuros, ko leza, wato aikin da ake yi wa ido da hasken na'ura, ko tiyata. Ga wanda ya gaji da ɗigo ko kuɗinsa ya fi ƙarfinsa, lezar ce abin tambaya. A Tanzaniya an gwada ta da timolol aka fitar a 2021, bayan shekara ta riƙe matsin a ido 61 cikin 100, ɗigon kuma 31. Wannan ce amsar gajiyar Baffa, ba tsinke a goshi ba.

Yanar ido kuma ita albishir ce in aka gwada da gilakoma, don ganin yana dawowa. Ƙwayar cikin ido ce ta yi hazo, a cire ta a sa ta roba, aikin da ba ya kai awa, washegari a buɗe bandeji. Ana yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da asibitocin koyarwa, wani lokaci ma kyauta in an zo aikin taimako. Ba ɗigo, ba kafso, ba allura, ba tozali da ke narkar da yana. Masu bin ƙauyuka suna soka tsinke su tura yanar ta faɗa cikin ido kuwa, wancan binciken makanta na Najeriya ya gano kusan rabin idanun da aka taɓa don yana su suka taɓa, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun a makance aka same su. Mai suga shi ma ya riƙa kai idonsa a duba bayansa duk shekara ko ba ya jin komai.

Inda kawai zan ɗaga wa allura ƙafa a ido shi ne bushewar ido, irin ta hunturu da kallon waya, ido na yaji kamar an watsa yashi. Akwai ƙananan gwaje-gwaje, yawanci daga Sin da Koriya, da suka nuna ɗan sauƙi, ba masu ƙarfi ba ne amma nan ko ba ta yi ba ba ka makance ba. Sai dai me zai kai ka, alhali hawayen roba na kemis da tsumma mai ɗumi a kan fatar ido minti biyar sun fi arha? Kafson man kifi ma da ake yayi an gwada shi a 2018 a kan mutum 535, bai fi kafson man zaitun ba. Abin da zan roƙa, kar a sayi ɗigon ido mai sitiroyid a kemis don ƙaiƙayi a yi ta ɗigawa yaro wata da watanni, yana sa ido ya yi fari tas, yana kuma iya kawo gilakoma. Masu dundumin gado da ake ce musu asibiti ba magani, su ne 'yan kasuwa suka fi farauta da alkawarin allura da kafso, abin da ake da shi a kai 'yan ƙananan gwaje-gwaje ne na mutum goma sha, bai kai a sayar da gona ba.

In ka yanke za ka gwada allurar don baya ko wuya ko gwiwa, ka fara zuwa likita ya tabbatar ba ɗaya daga cikin waɗancan masu haɗarin ba ne. A hannun wanda ya iya ba ta da haɗari sosai, a Jamus an bi mutum sama da 229,000, kusan 9 cikin 100 sun samu ɗan abu, yawanci ɗigon jini ko tabo, mutum biyu allura ta huda musu huhu. Mu namu haɗarin tsafta ne. Wajen mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B bisa binciken 2018, kenan allura ko reza ko kofin da aka yi wa wani amfani da shi ba abin wasa ba ne. A ɓare sabuwa a gabanka, a jefar a gabanka. Ka tambayi inda ya yi karatu da takardar rajistarsa, mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Mai ciki ta faɗa, mai shan maganin tsinka jini ya faɗa, mai na'urar bugun zuciya kar a haɗa masa allura da lantarki. Ka tambayi kuɗin zama ɗaya ka ninka sau goma ka ɗora kuɗin mota, sannan ka gwada da kuɗin zuwa fisiyo sau uku ko huɗu a koya maka abin da za ka yi a gida. Ka rubuta a takarda tun ranar farko abin da ba ka iya yi, misali tsayuwar minti goma ko hawa bene, bayan zama shida ka duba. In ka shiga wuri aka ɗora hannunka a wata na'ura aka ce ta gano cuta goma sha biyu, aka ce ka ajiye maganin asibiti, aka miƙo maka kwalaben da za ka saya, ɗauki takalminka.

Baffa dai mun je ran Talata. Aka auna matsin, na dama 19, na hagu 27, likitar ta tambaye shi tsakani da Allah sau nawa yake mantawa da ɗigon, ya yi dariya ya ce Likita in ya ƙare sai an yi albashin yara. Ta rubuta masa gwajin faɗin gani, ta ce in sakamako ya fito za su zauna maganar leza a na hagun. A hanyar dawowa cikin adaidaita ya ce to ita allurar ba za a yi masa ko don ƙugun nan ba, na ce wannan kam sai mu je, Baffa, amma kwalbar ɗigon tana aljihu.